Jininsa Ya Ɗaure Mini Baki

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki agaza mini da shawara kafin ƙarshen makon nan, aboki nake shirin rasawa ina ji ina gani.

Ni tela ne. Bango ɗaya ya raba shagona da na wani mai walda, Dogo muke ce masa. Kulob ɗin ƙwallon ƙafa da nake goyon baya da nasa ba sa ga-maciji, mu ma kullum cikin musu muke a kan bencin da ke tsakanin ƙofofinmu. Har mun saba, duk wanda aka ci kulob ɗinsa, ɗayan zai je masa ta'aziyya da safe, ya cire hula, ya sunkuyar da kai, ya ce sai haƙuri. Masu kawo ɗinki su yi ta dariya.

Bara mota ta buge ni ina kan babur. Aka nemi jini, aka gwada na 'yan'uwana bai dace ba. Dogo ya ajiye aikinsa ya zo asibiti, ko hannu bai wanke ba, ya kwanta aka ɗiba. Wallahi Anti, ba don Allah ya kawo shi ba, da yanzu 'ya'yana marayu ne. Har yau in na taka keken ɗinki sai ya faɗo mini a rai, in yi masa addu'a.

To, bana kulob ɗinsa ya shiga uku. Kowa ya zo sai ya lallasa su, suna can ƙasan teburin gasar. In da ne, ai da hulata ta yage don cirewa. Amma yanzu da na yunƙura sai bakina ya yi nauyi. Yaya zan yi wa mutumin da jininsa ke yawo a jikina dariya? Sai na daina zuwa.

Ana haka aka soma yaɗa cewa namu kulob ɗin yana sayen alƙalan wasa, wai shi ya sa fenareti ba ya yanke mana. Dogo ya samu abin nema. Ya faɗo shagona da usur a baki yana hurawa, wai in ɗinka wa alƙali wando mai zurfin aljihu. Amsa na bakina, mai zafi kuwa, amma na haɗiye, na yi murmushi na ce Allah ya saka masa da alheri. Nan take jikinsa ya yi sanyi, ya cire usur ya fita. Tun daga ranar, gaisuwa kawai ke haɗa mu, bencin ma ya shigar ciki. Matarsa ta gaya wa maiɗakina wai ya ce ya ba da jini ya yi asarar aboki. Maganar nan ta hana ni sukuni.

Ranar Asabar za mu kara da su, in muka ci, sun faɗa ƙaramin rukuni. Ya zan yi?

Tela mai nauyin baki

Wa'alaikumus salam ƙanena, barka da arziki, Allah ya ƙara lafiya.

Ban ga laifinka ba. Kunyar wanda ya yi maka alheri halin ɗan halak ne, yaba kyauta tukwici. Amma dubi abin ta wajen Dogo. Kulob ɗinsa na nutsewa, kowa na yi masa tsiya, sai mutum ɗaya da tsiyarsa ke masa daɗi ya koma yi masa ladabi kamar suruki. Shi tausayi ya gani, ga kuma nauyin godiyar da kullum kake ɗora masa. Usur ɗin nan da ya zo da shi hannu ya miƙo maka, ka bar shi a miƙe.

Kada ka jira Asabar. Gobe ka shiga shagonsa, ka dube shi ka yi masa godiya da bakinka sau ɗaya, cikakkiya, ka gaya masa ita ta ɗaure maka harshe. Daga nan ka ba shi amsar da ka haɗiye, da zafinta. Batun sayen alƙalai kuwa, ku bar shi a wasan tsakaninku, kada ku ɗora wa kowa zargin da ba ku da shaida a kai. In suka faɗa ranar Asabar, ka bari ya huce tukuna, sannan ka yi masa tsiya yadda kuka saba.

Da ya kwanta aka ɗebi jininsa, kai yake so ka tashi, da bakinka da tsokanarka. Ka mayar masa da abokinsa. Allah ya bar zumunci, ya saka wa Dogo da mafificin alheri.

Antinku