Kwas na Kwana Uku Kawai Na Yi, Amma Sydney Na Nemana

Anti Merle,

Don Allah ki taimake ni kafin ranar Juma'a, domin ranar zan ba da amsa, kuma ba ni da wanda zan gaya wa gaskiya. Mijina yana da nasa burin a cikin maganar, manajanmu yana da nasa, ƙanwata kuwa ta daina ɗaga wayata.

Shekarata hamsin da huɗu. Ashirin da biyu daga ciki na yi su ne a teburin karɓar marasa lafiya a wani asibiti mai zaman kansa nan Bundaberg, ina ɗaga waya, ina ba mutane ranar ganin likita, ina sauraron tarihin gwiwoyinsu. Da aka shiga satar bayanan jama'a a manyan kamfanoni har kowa ya tsorata, masu asibitin suka ce dole a samo jami'in kare bayanan sirri. Wata biyar ana talla, mutum biyu suka nema. Na farko ya ji albashin ya kashe waya. Na biyu ashe ya ɗauka aikin gadi ne, har yana tambaya ko za a ba shi kare.

Sai wata safiya manajanmu Graeme ya jingina da teburina, ya ce ya lura ni kaɗai nake kulle durowa in zan tashi, kuma ni kaɗai na iya zaro takarda in ta maƙale a injin yayyaga takardu. Iyakar jarrabawar da na ci ke nan. Aka tura ni Brisbane kwas na kwana uku. Ranar farko ban gane komai ba, ta biyu na gane inda ake shan shayi, ta uku aka miƙo min satifiket.

Kuskurena shi ne na rubuta sabon muƙamin a shafin neman aiki na intanet. Tun daga nan dillalan aiki suka sa ni a gaba. Ni da ba mai kirana sai masu tallar wutar sola, yanzu ina tsaye a kanti ina zaɓen tumatir waya na ruri. A cikinsu akwai wata Tamsin da ke ce min ƙwararriya, ta kira ni sau tara a wata guda, har ta san sunan kyanwata. Don in rabu da ita na yarda na yi intabiyu ta kwamfuta da wani kamfanin inshora na Sydney.

Mutum uku suka zauna min, kowa da kwat. Duk tambayar da ta fi ƙarfina sai in tuna malamin kwas ɗinmu, wanda in aka ƙure shi yakan ce ya danganta da yanayi. Sau huɗu na faɗa. Suna gyaɗa kai suna rubutawa, ɗaya ma ya ce irin wannan taka-tsantsan ne suka rasa. Da suka tambayi abin da nake fara yi idan bayanin wani ya fita, na ce ina kiran mutumin da kaina kafin ya ji a bakin wani, in bar shi ya zage ni ya huce, sannan mu yi magana. Suka ajiye biro, na ce a raina shi ke nan na tona wa kaina asiri. Washegari Tamsin ta kira tana haki. Ta ce wata takwas suna nema ba su samu ba, za su kusan ninka min albashi, in koma Sydney, kuma a ƙarƙashina akwai mutum uku, duk sun karanta shari'a.

Anti, lauyoyi uku. Ni da har yanzu in na buɗe littafin dokar sai na sa yatsa ina bin layi.

Mijina Des ya yi ritaya daga masana'antar sukari, kuma tun daren da na gaya masa ya zaɓi kwalekwale mai inji, har ya raɗa masa suna. Na ce masa ban san aikin ba, ya ce shi ma shekara talatin ya yi a ƙarƙashin manajojin da ba su san aiki ba kuma duk sun yi ƙiba. Bai duba kuɗin haya a Sydney ba. Ya ce ai can ma akwai teku.

Graeme kuwa ya ji labari, domin Tamsin ta kira layin asibiti shi ya ɗauka. Kullum yanzu ina tarar da kek ɗin lamington a teburina, ya canza min kujera, yana ta nishi yana cewa in na tafi aikin kansa zai dawo. Wannan fa mutumin da ya liƙa kalmar sirrinsa a jikin kwamfuta ne, da na yi magana ya cire ya mayar ƙarƙashin faifan linzamin kwamfutar ya ce ya gyara. Abin da ke hana ni barci ke nan. Muna da mata biyu masu suna ɗaya, an haife su wata ɗaya. Watan jiya sakamakon gwajin ɗaya, mai nauyi, ya shiga ambulan ɗin ɗayar. Na gane ne kawai saboda na san wadda aka yi wa gwajin ta tashi daga titin da ke rubuce a ambulan ɗin tun da mijinta ya rasu. Na bi mai wasiƙu da gudu ba takalmi har bakin titi na karɓo wasiƙar. Bayan haka na kafa doka, ba a rufe ambulan sai mutum biyu sun duba ranar haihuwa da adireshi. Amma wannan ai ba ilimi ba ne, daɗewa a gari ne, kuma a Sydney ban san kowa ba.

Sannan aikin ya fara hau min kai. A kulob na ƙi rubuta lambar wayata a takardar ƙuri'ar da ake yi don cin kyautar tiren nama, ƙuri'ar ta faɗo kaina, aka rasa yadda za a same ni aka ba wani. Ranar Lahadi kuma, muna gashin nama a gidan ƙanwata Noelene, na gaya mata a gaban surukanta ta cire hotunan jikokinta da kayan makaranta daga intanet. Ta ce: “Kwas na kwana uku, Yaya, sai ka ce ke kika rubuta dokar.” Daga nan ba ta ƙara ce min uffan ba.

In karɓa a gano ni a gaban lauyoyi, ko in zauna Des ya yi ta kallona kamar na nutsar masa da kwalekwale?

Mai Satifiket Ɗaya, Bundaberg

'Yar'uwa Mai Satifiket,

Bari in fara sanar da masu karatu cewa sunayen da suka gani ni na sauya su. Kin aiko min da cikakkun sunayen kowa, da sunan asibitin, da na kyanwa. Matan nan biyu kaɗai kika ɓoye, ko harafin farko ba ki ba ni ba. Na yi dariya, amma na gane inda kika san sirri yake da gaske.

Ba ki yaudari kowa ba, tukuna. Aikin nan sabo ne a wurare da yawa, masu neman ma'aikata sun fi masu iyawa yawa, kuma rabin waɗanda ke yinsa yau daga wani tebur aka ɗauko su kamar ke. Lauyoyin sun san doka. Ke kin san yadda takarda ke ɓata hanya, da yadda ake magana da wanda aka ɓata wa rai. Ina zaton amsarki ta kiran mutum da kanki ce ta sa suka neme ki, ba “ya danganta” ɗin nan ba.

Sai dai tsoronki ma yana da tushe. Abokan hulɗar kamfanin inshora sun fi ƙarfin a san titin kowa, kuma ranar da aka yi kutse ba za a bi ɓarawo da gudu ba takalmi ba. Akwai ilimin da ba ki da shi, kuma kalmar “ya danganta” ba za ta kai ki wata uku ba. Saboda haka ki rubuta musu, ba ta bakin Tamsin ba, wadda ladanta ke jiran sa hannunki. Ki faɗi ainihin abin da kika karanta da abin da kika yi. Ki nemi su biya miki cikakken karatu, su haɗa ki da wanda ya daɗe a harkar, kuma ki fara daga gida kina zuwa Sydney lokaci-lokaci kafin a yi maganar tashi. Wanda ya nema wata takwas zai saurara. In suka janye saboda kin faɗi gaskiya, kin tsira daga wurin da za a ɗora miki laifi ranar da abu ya lalace.

Shi ma zaman ba faɗuwa ba ne. Amma in za ki zauna, ki gaya wa Graeme kek ba albashi ba ne. Ki nemi ƙari, da karatu, da mutum na biyu da za ki koya wa aikin. Wannan na ƙarshe ki fara shi gobe ko da tafiya za ki yi, domin bai kamata sirrin marasa lafiyar gari ya dogara da tunanin mace ɗaya ba. Des kuma ki zaunar da shi gaban farashin haya a Sydney, ki ba shi ruwa ya riƙe.

Game da Noelene, maganarki daidai ce, wurin faɗarta ne ba daidai ba. Kin kunyata kaka a gaban surukanta a cikin gidanta. Ki je da ƙafarki ki ba ta haƙuri, ki bar muƙaminki na jami'ar kare sirri a cikin mota. Maganar hotuna za ta jira sai ita ta tambaya.

Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya sa ki yi barci mai daɗi ko wanne kika ɗauka.

Anti Merle