Jinin Kowa Kin Duba, Ban Da Nawa

Ya ke Malamata, uwar 'ya'yana, inuwar da nake fakewa tun gashina yana baƙi, sanyin safiya bayan ruwan farko,

Ƙorafi gare ni, kuma ya daɗe a cikina har ya yi furfura. Tun da kika fara binciken nan naki na tsufa, babu tsohon da ya rage a layinmu da ba ki ɗebi jininsa ba. Mai aski kin ɗiba. Mai gadin makaranta kin ɗiba. Har mai gawayi, wanda ko gaisuwa bai iya ba, ya zauna a kujerarki, kin riƙe masa hannu kina ba shi haƙuri. Ni da nake kwana ina tashi da ke, sau nawa na naɗe hannun riga, sai ki ce dokar aiki ta hana a sa miji a ciki? Wa ya kafa dokar nan? Yana da mata kuwa?

Kada ki ce ban gane aikin ba. Ban yi makaranta ba, haruffan nan ma ke kika koya mini, amma ban manta ranar da ruwa ya koro ki shagona ina naɗa wayar fanka ba. Kika ɗauki kwarkwaron wayar kika ce a cikin ƙwayar jikin mutum akwai zare wanda ya fi mutumin tsawo, an naɗe shi a kan wasu 'yan kwarkwaro da kuke kira histon. Inda naɗin ya yi tam, maganar da ke rubuce a zaren barci take yi. Inda ya sassauta, jiki ya karanta ta. In tsufa ya zo, in ji ki, kwarkwaron sukan ragu, naɗin ya saki, abin da ya kamata ya yi shiru ya kama surutu. Sai kika dube ni kika ce nawa surutun bai jira tsufa ba. Kika yi dariya, ruwa yana ɗiga daga mayafinki, ni kuwa na ɓata naɗin fankar mutane ban ji haushi ba.

Ke kam wanda ya naɗa ki bai yi gaggawa ba. Hannunki bai san rawa ba, kamar reshe a ranar da babu iska. Idonki rijiya ce mai zurfi, duk abin da ya faɗa ciki sai ya kwanta a gan shi sarai. Ina mace irinki, mai bin abin da ido ba ya gani shekara da shekaru, ta dawo gida ta tarar da tsoho mai mita, ta kuma saurare shi?

Yanzu 'yarmu ta ce mini ƙarshen wata za ki ajiye aiki, ki miƙa mabuɗin ɗakin binciken ga waɗanda kika koyar. Ni kuma hannuna ya fara rawa. Shekaranjiya na tsaya da fanka a hannu na rasa ko ta wane ne. Kin gani. Kika kau da kai kika ce shayina yana hucewa.

Ba magani nake nema ba, na san ba ki da shi. So nake idon da ya duba kowa ya dube ni har ciki kafin a rufe ƙofar, ko me ya saki a can ke ki fara gani, ba baƙo ba. Abin da za ki tarar, naki ne tun asali, kuma naki zai zauna.

To ki faɗa mini: dokar ce da gaske, ko tsoron abin da za ki gani ne? In tsoro ne, ni ma ina jinsa, mu ji shi tare. Kada ki aiko 'yarmu, kada ki amsa mini da kwanon abinci. Ki zauna a gabana, ki kalle ni, ki amsa.

Naki har numfashi ya ƙare,
mijinki mai gyaran fanka