Sandar Binta

Yaya Hauwa,

Ina gaishe ki, da Malam da yara. Ya gida, ya ƙafar Inna? Mu nan Shumaisi sai godiya.

Maƙwabciyata, wata nas 'yar ƙasar Ayalan, ta nuna wa 'yarki Binta hoton 'yan matan sakandarensu da suka ci kofin kamogi, wasan buga ƙwallo da sanda. Har sandarta ta ba ta. Binta ta yi ta buga lemon tsami a saman bene, tana tambayata yaushe makarantarsu za ta shiga gasa. Yaya, a nan ko gudu ba a barin 'yan mata su yi. Jiya ta miƙo mini sandar, wai in yi muciya da ita.

Ki sa ta a addu'a, ta daina tambaya. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Rabi