Kunyar Ɗan Fari

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar Malam? Ina mutanen Damagaram? Mu nan Lyon sai godiya.

Maganar ɗan farina ce, mai aiki a kasuwar Rungis can Paris. Wata uku yana ce mini gefen cikinsa na dama na ciwo. Kin san kunyar ɗan fari. Ban tsaya na tambaye shi ba, jiƙo kawai na aika masa ta hannun ƙanwarsa.

Da ciwon ya kayar da shi, aka yi masa aiki, aka cire ɗan reshen hanjin da suke kira apandis. Da suka duba, suka tarar da ƙari a ciki. Likita ya ce da ya zo da wuri, wataƙila da shi ke nan. Yanzu sai an sake yanke wani sashen hanjin ranar Talata.

A ƙofar asibiti aka tambaye ni wa nake nema. Yaya, shekara ashirin da bakwai, sai ranar na fara faɗin sunansa.

Ki gaida Inna. Ki sa a yi masa addu'a da sunansa, Isufu.

Ƙanwarki,
Rabi