Rubutun da Kika Bari a Bayan Hoto

Zuwa ga Malamata, hasken safiyata, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, raɓar da ke kwana a kan ganyen zuciyata, ke da kika fi furen bakin rafi taushi, kika kuma fi dutsen da ke ƙarƙashin rafin taurin kai.

Ki duba da kyau, wannan rubutun hannuna ne. Eh, ni ɗin dai, mai hoton nan naki da bai taɓa zama a aji ba, wanda ya shekara arba'in yana dangwala yatsa a inda mutane ke sa hannu. Layukan sun karkace kamar sawun tsutsa a kan ganye, na sani, kada ki ɗauko jan biron nan naki. Yau shekara biyu da wata uku ke nan da rasuwarki, amma har yanzu idan na buɗe ƙofa da safe sai na ja gefe na ba ki hanya.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa shagona? Kika ce hotunan malam-buɗe-littafi kike so ki nuna wa 'yan ajinki, don su daina kashe su suna soke su da allura. Na ce ni mutane nake ɗauka, ba ƙwari ba. Kika ce ai su ƙwarin ba za su dawo suna rigima wai na ƙara musu girman hanci ba. Daga dariyar nan na bi ki bayan tsohon layin dogo, inda famfo ke yoyo ya yi laka suke sauka shan ruwa, kuma har yau ban dawo ba. A can na koyi sammako tun rana ba ta ɗumama musu fukafukai ba, na koyi riƙe numfashi, na koyi hana inuwata faɗa musu. Ke kina durƙushe da littafin nan mai kauri kina gwada zane da zane, mayafinki ya sha ƙaya, ni kuwa rabin fim ɗina a kanki yake ƙarewa ba ki sani ba. A bayan kowane hoto sai ki rubuta rana da wuri da dogon sunan da ke cikin littafi, a can ƙasa kuma sunan da mu biyu muka raɗa masa: Ango, Mai Zobe, Gwauruwa, Sarkin Yawo.

Ban manta ba, lokacin da masu ilimin ƙwari suka baje hotunanmu a zaurensu, sunanki suka manna, ni kuma suka kira ni mai rakiya. Ban yafe musu ba, ba kuma zan yafe ba. Amma nasu mai sauƙi ne, Malama. Naki ne ya zauna min a ƙirji.

Maganar wancan ƙwaron na ƙarshe nake nufi, mai ruwan lemo da baƙin gefe, wanda muka gani da tsakar rana a tsohon ramin da ake fasa dutse. Kika ce Mai Zobe ne ya tsufa ya koɗe. Na ce faɗa-wuta ne mai yawon rana: gashin kansa ba shi da ɗan ƙulli a ƙarshe, kuma da ya sauka shimfiɗa fukafukansa ya yi, bai haɗe su sama ba. Muka kawo gardamar har gida. A gaban 'yarmu da mijinta kika yi dariya, kika ce Sarkin Gardama zai gyara littafin da ko bangonsa bai iya karantawa ba. Suka taya ki dariya. Ni kuwa na rufe bakina. Kwana goma kina ajiye min shayi ina sha ba ko sannu. A safiya ta goma sha ɗaya na same ki a kujerarki ta jikin taga, tabarau a cinya, shayinki ya huce. Na kira ki. Sai a lokacin na kira ki!

A cikin littafinki na tsinci hoton ƙwaron da muka yi gardama a kansa. Bayansa cike yake da rubutunki tun daga sama har ƙasa, ba layi huɗun da kika saba ba. 'Yarmu ta miƙo hannu za ta karanta min, na hana. Idan da fushina kika tafi, a bakin 'yar da muka haifa zan ji? Idan Allah ya isa kika yi min, wa zai ɗauki wannan ya furta? Na sa shi a aljihun gaba, ya zame min garwashi. Ina share tsakar gida sai na ji kamar ana buɗa shafi a ɗaki. Wani ƙaramin faɗa-wuta mai launin toka ya mayar da gilashin tagarki wurin zama, ban kore shi ba, ban kuma iya kallonsa ba.

Sai na sauko da kwalayen hotunanmu. Ai na san fuskar kowanne kamar ta 'ya'yan cikina. Na kalli Ango, na juya bayansa, na ce to, wannan na ƙasa shi ne Ango. Shi ya ba ni harafin farko. Mai Zobe ya ba ni nasa, Gwauruwa ta wahalar da ni wata guda cur. 'Yarmu ta ce Baba ya fara taɓuwa, ta ce za ta kawo min mai koyarwa. Na ce malama ɗaya na yi a duniya, kuma ba ta sallame ni ba tukuna. Ashe kin shekara arba'in kina shirya min aji a cikin kwali, ya sanyin idona, ni ban sani ba?

Jiya da hantsi na ciro shi daga aljihu. Na juya bayansa. Na bi shi baƙi-baƙi, har rana ta juya. Ga abin da kika ce:

"Na duba sau uku, ba Mai Zobe ba ne. Faɗa-wuta ne, kuma ba ya cikin littafin. Tsohon nan ya fi ni gaskiya, amma kada kowa ya gaya masa, kansa zai ƙara girma. Yau kwana tara bai yi min magana ba. Gidan ya yi faɗi. Idan ya ce min ko da sannu ce, zan faɗa masa. Na bar wurin suna, shi zai sa."

Malama, wannan wane irin zalunci ne? Ki ɓoye ban-haƙurinki a inda kika san idona ba ya kaiwa? To ni fa, me ya ɗaure min harshe? Sannu ɗaya! Kalmar da nake jefa wa mai gadi da mai shara kullum, ita na hana ki, ke da kike ruwan da nake sha. Ki yafe min, ya furen da bai taɓa hana ni sauka ba. Ni na yafe miki dariyar, ko da yake har yanzu ina cewa bai kamata ki yi ta a gaban suruki ba.

Yau da sassafe na koma ramin dutsen. Ban gan shi ba, amma na zauna inda kika durƙusa na yi ta ba ki labari da ƙarfi, har wani mai keke ya tsaya yana kallona. Ya kalla. A wurin da kika bari kuwa na rubuta masa suna da hannuna: Kwana Tara.

Allah ya haskaka makwancinki, ya haɗa mu inda babu rabuwa. Kafin nan, kowace safiya zan ɗauki hoto ɗaya na juya bayansa na karanta miki a bayyane. Ba zan ƙara yi miki shiru ba, ko na yini guda.

Naki har ranar da za a shimfiɗa ni kusa da ke,
Sarkin Gardamarki.

Sannu, Malama.