Kwarashinki da Kwamfutata, Mama

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Na tabbata kina hutawa a inda babu ciwon gwiwa, babu hawan jini. Mu nan Samaru lafiya lau muke. Baba yana nan da mitarsa a kan gishirin miya, matan zumunta na coci kuma har yanzu ba su sami mai jan waƙa kamarki ba. Na rubuto ne saboda wata tambaya da kika yi mini ban amsa ba. Shekara huɗu ke nan da tafiyarki tana cina a rai, sai a makon nan na samo amsar, kuma a gaban kowa nake so in ba ki.

Kin tuna ranar da na dawo daga jami'a da ɗan baƙin faifan kwamfuta a jaka? Kina zaune a ƙofar ɗaki da kwarashinki, kina saƙa hular jariri. Kika karɓi faifan, kika juya shi gaba da baya, kika ce wai ita kwamfutar nan me take yi ne. Ni kuwa a lokacin kaina ya kumbura, 'yar jami'a. Na ce miki, Mama, ba za ki gane ba. Kika yi murmushi, kika miƙo mini abina, kika ci gaba da saƙarki. Kaico! Da za a dawo mini da ranar nan, da na kama bakina.

Ke kuwa ba ki taɓa ce mini ba zan gane ba. Ina 'yar shekara tara kika ɗora mini kwarashi a hannu. Karatunki ɗaya ne kullum: "Sarƙa uku, tsallake biyu, maimaita har ƙarshen layi." Hulata ta farko ta fito a karkace kamar tsohon kwando, na zauna ina kuka, ina jira ki karɓa ki gyara. Ina! Ko kallon zaren ba ki yi ba. Cewa kika yi, "Abin da kika ce wa hannunki shi ya yi, Rifkatu. Koma baya ki ƙirga." Na ƙirga ina jan majina, na gano a layi na shida na tsallake uku maimakon biyu. Na warware, na sake. Ranar haushinki na ji ba kaɗan ba.

To, bara na sami aikin koyar da kwamfuta a wata makarantar firamare a nan Samaru. Kwamfuta ɗaya ce tak a makarantar, tana ofishin shugaba, an lulluɓe ta da leshi kamar amarya, ba mai taɓa ta. Wanda ya riƙe ajin kafin ni zana ta yake yi a allo da alli, yara su haddace sunayen sassanta da Turanci, su rera kamar waƙa. Na gwada hakan mako biyu, na ga ina kashe yaran mutane da barci. Sai na tuna da ke.

Kwarashi ba zai ishi aji ba, don haka na je kasuwar Sabon Gari na kwaso kwalaye, na yanka su sala-sala, ja da fari. Kowane yaro ya zaɓi adon da yake so ya fito a 'yar tabarmarsa, ya rubuta umarni a takarda, layi bayan layi: sama biyu, ƙasa ɗaya, maimaita. Sai ya miƙa wa na kusa da shi, shi ne kwamfuta. Dokata ɗaya ce. Kwamfuta ba ta da wayo, ba ta da tausayi, abin da aka rubuta kawai take yi.

Da kin ga dariya, Mama! Wata Hauwa ta rubuta "maimaita" ta manta ba ta faɗi inda za a tsaya ba. Ƙawarta Ngozi, wadda ke matsayin kwamfuta, ta yi ta saƙa tana ƙara kwali, ta cinye na bencinsu, ta miƙa hannu ga na bencin bayansu. Hauwa tana ihu ta tsaya, Ngozi tana nuna mata takarda. Tun daga ranar ban sake yi wa kowa bayanin amfanin faɗin wurin tsayawa ba.

Sai ƙorafi ya taso. Wanda ya fi kowa zafi shi ne mahaifin Ngozi, mai gyaran wayoyin wutar mota a Muchia, mutumin kudu ne amma Hausa a bakinsa kamar a Zazzau aka yanke masa cibi. Ya ce kwamfuta ya kawo 'yarsa ta koya, ba saƙar tabarma ba. Shugaba ta kira ni ta ce ranar Asabar akwai taron iyaye, idan suka ce ba sa so, za ta karɓe ajin ta ba mai zane a allo. Na ji tsoro, ba zan ɓoye miki ba, domin ina son yaran nan. Amma ban yi shakkar abin da nake yi ba ko na minti ɗaya, don na san wurin wadda na koyo shi.

Ranar Asabar ban yi dogon Turanci ba. Na roƙi mahaifin Ngozi ya fito gaba ya zama kwamfuta, 'yarsa ta ba shi takardarta. Ya fito yana huci, ya zauna a kan ɗan bencin yara, gwiwoyinsa har ƙirji. Adon matakala Ngozi ta shirya. Layi uku suka tafi daidai, a na huɗu matakalar ta karye. Ya kai hannu zai gyara da kansa, yara suka ɗauki ihu wai kwamfuta ba ta gyara. Ya janye hannun yana zare ido.

Ngozi ba ta yi kuka ba, ba ta kalle ni ba. Ta ɗora yatsa a takarda, ta koma baya tana ƙirgawa a fili, har ta kai inda ta rubuta uku maimakon biyu. Ta goge, ta gyara, ta ce wa ubanta ya warware ya sake. Ya sake, matakala ta hau tsaf har sama.

Mutumin nan ya daɗe yana kallon kwalin. Da ya miƙe, ya gaya wa iyaye cewa haka yake neman inda wuta ta yanke a mota, waya bayan waya, kuma sai da ya yi shekaru a hannun maigidansa kafin ya daina canki-canki. Ya ce a bar wa malama ajinta. Sauran iyaye suka amince. Shugaba ma ta yaye leshin nan, ta ce duk Juma'ar da aka kawo wuta yara su riƙa shiga biyu-biyu.

Yanzu ga amsarki, Mamana. Kwamfuta sarƙa uku take yi, ta tsallake biyu, ta maimaita har ƙarshen layi. Idan abu ya karkace, ba laifinta ba ne, abin da aka ce mata shi ta yi, sai mai ita ya koma baya ya ƙirga. Iyakarta ke nan. Ke da ba ki taɓa zama a aji ba kin san wannan tun ban iya ɗaura zani ba. Ni ce ban gane ba, Mama. Ki yafe mini.

Kwarashinki yana cikin jakata, tare da alli nake zuwa da shi makaranta. Ubangiji ya ƙara miki hutu a gabansa, ya sāka miki da alheri a kan haƙurin da kika yi da ni. Ya ba ni irin zuciyarki, in ga yaro yana fama in riƙe hannuna har ya gano da kansa. Ya tsare bakina kada in sake ce wa kowa ba zai gane ba. Amin.

Taki har ranar da za mu sadu,
Rifkatu