Kwalbar da Ka Bari a Tagar Inna

Zuwa ga Yaya Hamidu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ƙanwarka Asabe ce, wadda ka tilasta wa karatun kimiyya tana kuka. Ga shi yau ni ke tsayawa gaban 'yan shekarar farko a jami'a.

Maganar kwalbarka ce ta sa na ɗauki biro. Ka tuna ta, 'yar ƙaramar nan mai ruwan sinadarin kobal da ka liƙe bakinta da kyandir? A sanyi ruwan hoda ne, in ta sha zafi ta koma shuɗiya. Ka ce iri biyu ne a ciki, mai hoda yana rikiɗa shuɗi, shuɗin yana rikiɗa hoda, a lokaci guda kuma da sauri ɗaya. "In kin ga launi ya tsaya, ba aikin ne ya tsaya ba," in ji ka, "masu tafiya ne suka yi daidai da masu dawowa." Zafi kuwa rinjayar da abin yake yi ɓangaren shuɗi.

Tun ranar da aka kai ka makwanci Inna ta ajiye ta a tagarta. Da azahar, in rana ta bugi tagar ruwan ya fara sauya launi, sai ta gyara mayafi ta ce ka iso. Takan ba ka labarin unguwa, wane mai tsire ya rufe, wa ya tattara ya koma Garwa. Ni ina tsakar gida tsigar jikina na tashi, domin takan yi shiru daidai inda ya kamata ka amsa.

Tun da kriz ɗin nan na tattalin arziki ya shigo aka zaftare albashi, labonmu, wato ɗakin gwaje-gwaje, ba komai sai kwalabe wayam. Darasin daidaiton sinadarai ya zo, ɗalibaina ba su taɓa ganinsa da ido ba. Na ƙudurta zan ɗauke kwalbar in kai aji, in kuma faɗa wa Inna gaskiya. Haushi nake ji wallahi, ina malamar kimiyya ana hira da kwalba a gidanmu.

Ranar Jumma'a aka wuni ana ruwa, sanyi har ƙashi. Na dawo daga kasuwar Mokolo na shiga ɗakinta. Yaya, shuɗiya ce, shuɗiya sosai. Babu rana, babu wuta a ɗakin. Ban san sanda na ce maka sannu da zuwa ba.

Da ƙyar na miƙa hannu. Na ji ta da zafi, gindinta a jiƙe, ga kwanon ruwa a ƙarƙashin gado yana tururi. Inna tana kan sallaya tana kallona. Abin da ta ce ba zai bar kunnena ba: "Na san zafi ne, Asabe. Ranar da bai zo da kansa ba, ni nake zuwa in ɗauko shi."

Ban ɗauki kwalbar ba. Da alli kawai na yi darasin, na kuma san rabinsu ba su gane ba, ka yafe mini. Yanzu in hadari ya haɗo, ni nake ɗora mata ruwan.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi, Ya sanyaya zuciyar Inna, Ya sada mu a inda babu rabuwa.

Ƙanwarka mai kewarka,
Asabe